Allura Mai Magani, Allura Mai Cuta: Tarihin Ciwon Hanta Nau'in C



Duk wanda ya tashi a Augie ko Argungu, ko wani ƙauye na fadamar Rima, ya san tsargiya. Yaro ya yini cikin gulbi yana su ko wanka, bayan 'yan watanni a ga jini a fitsarinsa, har wasu manya su ce ai alamar balaga ce. Da wannan cuta zan fara, domin ta ƙofarta ce ciwon hanta nau'in C ya yi wa wata ƙasa ɓarnar da ba a taɓa gani ba.

Ƙasar nan ita ce Masar. Manoman bakin Nilu, kamar namu, cikin ruwa suke yini. Tun daga wajen 1950 har zuwa farkon shekarun 1980, hukuma ta yi ta bi ƙauye ƙauye tana yi wa mutane allurar maganin tsargiya ta jijiya, kowane mutum fiye da sau goma. Sirinji na gilashi ne, jama'a sun yi dogon layi, ma'aikaci kuwa ba shi da sukunin dafa allura yadda ya kamata kafin ya soka wa na gaba. Niyya kyakkyawa ce, kada mu manta da wannan. Amma jinin wannan ya riƙa shiga jikin wancan, ɗauke da wata ƙwayar cuta wadda a lokacin ba ta ma da suna. Da aka yi bincike a 2008, sai aka tarar wajen mutum 1 cikin 10 na manyan Masar yana ɗauke da ita.

Me ya sa aka daɗe ba a farga ba? Dalili na farko shi ne halin cutar. Yawancin waɗanda suka kamu ba sa ganin ko shawara a idonsu. Mutum sai ya shekara 20 ko 30 yana nomansa, hanta tana ƙandarewa sannu a hankali, sai ran da ciki ya kumbura, ko ya yi aman jini, ko sankara ta bayyana. A nan gida kuwa a ce sammu ne. Na biyu, ilmi bai kai ba. A shekarun 1970 likita Harvey Alter na Amurka ya lura masu karɓar ƙarin jini suna kamuwa da wani ciwon hanta wanda ba A ba, ba B ba. Sai a 1989 Michael Houghton da abokan aikinsa suka gano ƙwayar, daga baya Charles Rice ya tabbatar ita kaɗai ta isa ta jawo ciwon. Su ukun aka ba lambar Nobel a 2020.

To, mu dawo gida. Yau tsargiya da ƙwayar haɗiya ake maganinta, watau wannan ƙofa ta rufe. Sai dai muna da namu ƙofofin. Akwai askar wanzami wadda ke yin aski da kaciya da tsagar ƙaho da cire beli. Akwai mai yankan farce a kasuwa. Akwai kuma ɗabi'ar nan tamu ta cewa in ba a yi wa mutum allura ba, to ba a yi masa magani ba, wadda ta ba masu allurar bayan fage kasuwa. Ni ban ga laifin sana'ar wanzanci ba, gado ce mai daraja. Sabuwar reza ga kowane kai ita ce abin nema. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna wajen kashi 1 cikin 100 na manyan Nijeriya suna da nau'in C, kashi 8 kuma nau'in B. Kada ƙanƙantar adadin ta ruɗe mu: nau'in B yana da rigakafin da ake yi wa jarirai, nau'in C ba shi da shi har yau.

Abin da yake da shi shi ne magani. A 2013 aka fito da Sofosbuvir, ƙwayar haɗiya wadda, in an gama ta da 'yar'uwarta, cikin mako 12 takan warkar da fiye da mutum 95 cikin 100. Farashinta na farko a Amurka dala 84,000 ne. Masar ta yi ciniki, sa'an nan masana'antunta suka shiga yin maganin da kansu, har kuɗinsa ya faɗo ƙasa da dala 100. Daga ƙarshen 2018, cikin wata bakwai, ta gwada jinin mutum kusan miliyan 50, ta ba masu cutar magani kyauta. A watan Oktoba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ita ce ƙasa ta farko da ta kai babban matakin kawar da cutar.

Ma'aikatan da ke cikin wannan zaure su lura da yadda aka yi gwajin nan: ɗigon jini daga yatsa, sakamako cikin 'yan mintoci, a makaranta da masallaci da bakin kasuwa. Ba a jira manomi ya biya kuɗin mota ya zo birni ba. Ƙaramin asibitin da ke Augie, wanda ya saba gwajin zazzaɓin cizon sauro da irin wannan ɗigon jini, zai iya yin wannan ma in an kai masa kayan.