Yaɓe Kafin Damina

Tun ran gini, Bahaushe ya san gidan ƙasa zai buƙaci hannun mai shi duk shekara, kuma a nan arharsa take. Da bazara ta kama, kafin ruwan farko, magidanci kan tara 'ya'yansa da maƙwabta, a haƙo ƙasa a bakin kududdufin unguwa, a cuɗa ta da ciyawa da kashin dabbobi, a bar ta ta kwana biyu ta tsumu. Sannan a hau soro a toshe tsaga, a share indararo, a yi wa katanga yaɓe. Kayan aikin duk a kusa suke. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a shafe bango da ita don ruwa ya riƙa zamewa. Masu hali kuwa laso suke sawa, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da ruwan dafara, wato abin da marini da majemi suka zubar shi ne simintin magini.

Babban aiki, irin ɗaurin guga da jera azara, na magina ne ƙarƙashin Sarkin Magina, gidan da ya fitar da irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Amma su ma sukan yi gini ne da mai gyara a ransu. Hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka sake ginawa a 1844, itatuwan da suka fito daga jikinta su ne matakalar masu yaɓe, shi ya sa har yau take tsaye.

Kwano da bulo suka sauya wannan lissafi, musamman bayan kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a 1967, na Ashaka kuma a 1979. Gyara ya tashi daga aikin gayya ya koma na aljihu: sai an sayi buhu, an biya birkila.

Za a ce ai duk damina gidajen ƙasa ne ke rushewa kan mutane. Gaskiya ne, kuma rai ba abin wasa ba ne. Sai dai a duba yadda suke faɗuwa. Galibi gindin katanga ne ya jiƙe, saboda an cike kududdufin da ke shanye ruwan unguwa an yi gini a kai, ko leda ta toshe kwata. Wani kuma ya shafa wa bangon ƙasa siminti don ya huta da yaɓe, alhali siminti ba ya kama ƙasa da kyau. Yakan tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bango ya yi ta ruɓewa a ɓoye har ya zube gaba ɗaya. A da mai gida kan ga zaizaya da idonsa, ya cike ta da ƙasar kwando biyu kafin ta kai ga azara.