Bututu ko Murfi: Tarihin Numfashi a Ɗakin Tiyata

Ka san idan za a yi wa mace aikin mahaifa ta 'yar ƙaramar huda, ana hura cikinta da iska, a karkata kanta ƙasa? To, huhu zai matsu, abin da ke tumbi kuma yana iya tasowa ya faɗa masa. Shi ya sa likitoci suka riƙe bututun maƙogwaro, wanda William Macewen ya gwada a 1878. A 1981 Archie Brain ya ƙera murfi mai zama a bakin maƙogwaro, ciwon wuya bayan farkawa ya ragu. Tsoron amai fa? A 2000 aka fito da ProSeal, mai hanyar zuƙe ruwan tumbi. Amma har yau, in mace ba ta daɗe da cin abinci ba, bututun ake sa mata.