Gashi da Makomar Masu Cutar Hodgkin a Matakin Farko

Cutar Hodgkin nau'i ce ta ciwon dajin kaluluwa, wanda likitoci ke kira limfoma. Ta samu sunanta daga Thomas Hodgkin, likitan Ingila da ya bayyana ta a 1832. Galibi takan fara da kumburi marar zafi a wuya ko a tsakiyar ƙirji, kuma ta fi kama matasa. A tsarin Ann Arbor na 1971, mataki na ɗaya shi ne cutar ta tsaya a rukunin kaluluwa guda, na biyu kuwa ta kama rukuni biyu ko fiye, amma duk a gefe ɗaya na tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Waɗannan biyun ne matakin farko.

Gashi, wato ƙona ƙwayoyin daji da hasken na'ura mai ratsa jiki, shi ne maganin da aka fara samun waraka da shi. A 1950 Vera Peters ta Toronto ta nuna cewa mai cutar a matakin farko yana iya warkewa sarai da gashi kaɗai. Henry Kaplan na jami'ar Stanford ya faɗaɗa aikin, inda ake gasa wuya da hammata da ƙirji gaba ɗaya da awo kusan Gray 40. An warkar da mutane da yawa, sai dai tun da matasa ne, sun daɗe a duniya har illar maganin ta cim musu. Bayan shekara goma sha biyar zuwa ashirin sai ga dajin mama da na huhu da ciwon zuciya. Wani bincike na ƙasar Holand da aka wallafa a 2015, a kan mutum 3,905 da aka yi wa magani tsakanin 1965 da 2000, ya gano kashi 48.5 cikin ɗari sun kamu da wani dajin na biyu a cikin shekara arba'in.

Daga nan masu bincike suka koma neman mafi ƙarancin gashin da zai wadatar, musamman bayan samuwar haɗin kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, na ABVD da Gianni Bonadonna ya kawo daga Milan. Gwajin HD10 na Jamus, wanda aka wallafa a 2010 da majinyata 1,370, ya tabbatar da cewa ga waɗanda cutarsu ba ta da alamun tsanani, zagaye biyu na ABVD da Gray 20 a inda cutar take sun yi daidai da zagaye huɗu da Gray 30. Fiye da kashi 90 cikin ɗari cutar ba ta dawo musu ba bayan shekara biyar.

Tambaya mafi wuya ita ce ko za a iya barin gashin gaba ɗaya. Gwajin HD.6 na Kanada ya nuna bayan shekara goma sha biyu kashi 94 na waɗanda suka sha ABVD kaɗai suna raye, a kan kashi 87 na waɗanda aka yi wa gashi mai faɗi, duk da cewa cutar ta fi dawo wa 'yan ABVD. Amma wannan tsohon salon gashi ne da aka daina. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun dogara da hoton PET, mai nuna ko cutar ta kau, bayan zagaye biyu ko uku na kemo. A gwajin RAPID na Birtaniya, cikin waɗanda hotonsu ya fito fes, kashi 94.6 na 'yan gashi ba su ga dawowar cutar ba cikin shekara uku, a kan kashi 90.8 na waɗanda ba a yi wa gashi ba. A gwajin H10 na Turai tazarar ta fi girma ga masu sauƙin cuta, kashi 99 da kashi 87.1 a shekara biyar, gwajin HD16 kuma ya ba da 93.4 da 86.1. A dukkansu yawan waɗanda suka rayu bai bambanta sosai ba.

A nan ne hukuncin likita yake da nauyi. Gashi yana hana dawowar cuta ga mutum kaɗan cikin kowane ɗari, kuma dawowar ba ƙaramin abu ba ce, domin maganinta kemo ne mai tsanani da dashen ƙwayoyin ɓargo, tare da barazanar rasa haihuwa. Amma budurwar da ba ta kai talatin ba, wadda cutarta ke tsakiyar ƙirji, mamanta da zuciyarta ne za su ɗauki hasken, ba kamar dattijon da kumburinsa ke saman wuya ba. Shi ya sa gashin yau yake tsayawa a gurbin cutar kawai, kuma akan sa majinyaci ya ja dogon numfashi ya riƙe domin zuciya ta janye daga hanyar hasken.

A Najeriya da Nijar, inda na'urar PET ta yi ƙaranci, kuma akan ɗauki kumburin wuya a matsayin tarin fuka har cutar ta yi nisa, babu hujjar barin gashi a kan zato. Ga majinyacin da aka gano a matakin farko, muddin ba a samu hoton da ya tabbatar cutar ta kau ba, gajeren kemo haɗe da gashi mai ƙaramin awo shi ne maganin da bincike ya fi mara wa baya.