Tarihin Kawar da Kututture a Amurka ta Arewa

Kututture shi ne ragowar gindin bishiya da ke tsaye a ƙasa bayan an sare ta, haɗe da saiwoyin da suka riƙe shi, kuma a biranen Amurka da Kanada kawar da shi daga farfajiyar gida ya zama sana'a mai zaman kanta, wadda take da injinanta da ma'aikatanta, sau da yawa ma da farashinta dabam da na saran bishiyar. Abin da masu sana'ar suke yi a yau shi ne niƙa, wato a kankare itacen da haƙoran inji har ya koma ɓarɓashi, a bi shi zuwa 'yar tazara a cikin ƙasa, sannan a bar saiwoyin inda suke. Wannan dabara ba ta kai shekara 80 da bayyana ba. Kafin zuwanta an shafe fiye da ƙarni uku ana fama da kututture ta hanyar haƙa da ja da ƙonawa da fasawa, kuma abin da ya raba waɗannan hanyoyi da niƙa shi ne irin filin da aka yi su dominsa, domin dukkansu dabarun gona ne da daji, inda ake da sarari kuma babu abin da za a ɓata a ƙarƙashin ƙasa.

Turawan da suka sauka a gabashin nahiyar a ƙarni na 17 sun tarar da kurmi mai manyan itatuwa wanda gatari da ƙarfin mutum ɗaya ba za su iya share shi a shekara guda ba, don haka suka ari dabarar 'yan asalin ƙasar, wato a yanke ɓawon bishiya a zagaye gindinta domin a tsinke hanyar abincinta, ta bushe a tsaye, ganyenta ya zube, rana ta samu shiga, a shuka masara a tsakanin matattun itatuwa. Wanda ya sare bishiyar kuwa yakan bar gindinta, ya yi noma da fartanya a kewaye da shi, yana jiran ruɓa ta yi masa aikin da hannunsa ya kasa. Jiran yakan yi amfani a kan wasu itatuwa, waɗanda saiwoyinsu kan yi laushi cikin 'yan shekaru har shanun huɗa su iya fizge su da sarƙa. Amma bishiyar da ake kira fain, mai ganye kamar allura, kututturenta yana ɗauke da ƙaro mai hana ruɓewa, yakan kai shekaru gommai yana nan daram. A Ontario da Michigan manoma sun riƙa kwantar da irin waɗannan kututtura a gefe ɗaya, saiwoyinsu a miƙe suna sarƙe da juna, su jera su a iyakar gona su zama shinge, kuma har yau ana ganin ragowar wasu daga cikinsu a karkara.

Garuruwa ma ba su tsira ba. Birnin Portland na jihar Oregon, wanda aka kafa a cikin shekarun 1840, ya samu laƙabin Garin Kututture saboda an share dajin da sauri aka bar gindayen a tsakiyar tituna. A sababbin hanyoyi kuwa abin da aka fi kula da shi shi ne kada kututture ya yi tsawon da zai tokare cikin keken doki. Saboda yawan kututturan ne 'yan siyasa suka mayar da su dandamalin tsayawa su yi wa jama'a jawabi, har mai zane George Caleb Bingham ya yi wani sanannen hoto a kan wannan al'ada a farkon shekarun 1850, kuma har yanzu Amurkawa suna kiran jawabin da ɗan takara yake maimaitawa daga gari zuwa gari da sunan jawabin kan kututture.

Babban ci gaba na farko ya zo ne daga aikin gwamnati. Tsakanin 1817 da 1825 jihar New York ta haƙa mashigin ruwa na Erie, mai tsawon mil 363, domin jiragen kaya su haɗa kogin Hudson da manyan tafkuna, kuma yawancin hanyar ta ratsa cikin daji ne. Ma'aikatan sun yi amfani da wata na'ura mai ƙafafu biyu, kowace tsayinta ƙafa 16, wato kusan mita 5, da wani ƙaton gungume da ya haɗa su, da ƙafa ta uku a tsakiya wadda ta ɗan fi su ƙanƙanta don kada ta taɓa ƙasa. Ana ɗaure sarƙa daga gungumen zuwa kututture, a naɗe igiya a ƙafar tsakiya, dabbobi su ja igiyar, sai faɗin ƙafar ya ninka ƙarfinsu, gungumen ya juya ya naɗe sarƙar, kututturen ya tumɓuke da saiwoyinsa. An ruwaito cewa mutane kaɗan da dabbobi biyu sukan cire 30 zuwa 40 a yini. Daga wannan tunani na ninka ƙarfi aka ƙera ire-iren na'urorin ja da maƙera da kamfanoni suka riƙa sayar wa manoma har cikin ƙarni na 20.

Inda al'amarin ya fi tsanani shi ne arewacin jihohin Michigan da Wisconsin da Minnesota, bayan kamfanonin katako sun gama kwashe dazuzzukan fain a ƙarshen ƙarni na 19, suka bar miliyoyin eka babu komai sai gindaye. Kamfanonin filaye suka riƙa sayar da wannan ƙasa ga baƙi masu neman gona, yawancinsu talakawa daga Turai, da alkawarin cewa da zarar an cire kututturan arziki ya samu. A nan ne nakiya ta shiga aikin noma. Alfred Nobel ya yi rajistar dinamait a 1867, kuma a wajajen 1910 kamfanin DuPont yana rarraba ƙananan littattafai yana koya wa manoma yadda za su huda rami a ƙarƙashin kututture, su cusa nakiya, su toshe da laka, su kunna lagwani su gudu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin tarayya ta sarrafa ragowar albarusan soja ta riƙa ba manoma a kan farashi mai rahusa, mafi shahara a ciki shi ne wanda ake kira pyrotol. Sauƙin samunsa yana da nasa sharri, domin yana cikin abin da wani mutum ya yi amfani da shi ya tarwatsa makarantar Bath a Michigan a 1927, inda yara 38 suka mutu. Ƙasar kuma ba ta cika alkawarin dillalai ba, domin da yawanta rairayi ne da duwatsu ga gajeren lokacin noma, har gonaki masu yawa suka koma hannun hukuma saboda bashin haraji, aka sake mayar da su daji. Iyalai da dama sun ƙarar da ƙuruciyarsu wajen share filin da bai dace da garma ba tun farko.

Manoman kudancin Ostareliya sun bi wata hanya dabam da ta cancanci a ambata a taƙaice. A 1876 Richard Bowyer Smith ya ƙera garma wadda bakinta yake ɗagawa idan ya ci karo da kututture, ya tsallake shi, nauyin da aka ɗora masa ya mayar da shi cikin ƙasa, ta haka aka noma filaye masu yawa ba tare da an jira cire gindayen ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu matsalar ta tashi daga gona ta koma cikin unguwa, kuma abubuwa biyu ne suka kawo haka. Na farko shi ne bazuwar unguwannin bayan gari, irin Levittown da aka fara ginawa a jihar New York a 1947 mai gidaje fiye da 17,000, inda kowane gida yake da shimfiɗar ciyawa da ake aske ta da inji, ga bututun ruwa da na iskar gas da na bahaya a binne a ƙasa. A irin wannan wuri nakiya za ta fasa tagogin maƙwabta, wuta za ta iya bin saiwa tana ci a ɓoye kwana da kwanaki, tumɓukewa kuma za ta bar ƙaton rami ta ɗaga daɓen hanya ta tsinke bututu. Na biyu shi ne annobar da ta auka wa bishiyar elm, wadda biranen Amurka suka jera a bakin titunansu saboda inuwarta. Cutar dangin funfuna ce, wani ɗan ƙwaro mai zama a ƙarƙashin ɓawo yake yaɗa ta, tana kuma bi ta saiwoyin bishiyoyin da suka haɗu a ƙasa. Masana a Holan ne suka fara gano ta a farkon shekarun 1920, aka same ta a Ohio a 1930 bayan ta shigo cikin gungumen katako daga Turai, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1980 ta kashe miliyoyin gommai. Birnin Minneapolis kaɗai ya yi asarar fiye da 30,000 a 1977. Tun da ƙwaron yana hayayyafa a matacce itace muddin da ɓawo a jikinsa, hukumomin birane suka wajabta a cire kututturen ko a feƙe shi, sai ga dubban gindaye a ɗan siririn fili tsakanin kwalta da ƙofar gida.

Injin da ya dace da wannan ƙunci ya fito ne daga ƙaramin garin Pella na jihar Iowa, inda wani manomi mai suna Gary Vermeer ya kafa kamfanin ƙera kayan noma a 1948, kuma a cikin shekarun 1950 kamfanin ya fitar da injin yankan kututture wanda tsarinsa shi ne ake bi har yau. Zuciyar injin wani faifan ƙarfe ne mai kauri da nauyi, wanda yake juyawa a tsaye da gudu, an dasa masa haƙora masu baki na kabayid, wato haɗin ƙarfen tungsten da sinadarin gawayi, mai taurin da yake jure karo da tsakuwa. Mai aiki yana kora faifan daga dama zuwa hagu da ƙarfin matsin mai, kowane wucewa ya kankare ɗan kauri, sannan ya sauke shi kaɗan ya sake wucewa, har a kai kamar santimita 15 zuwa 30 a ƙarƙashin ƙasa, gwargwadon ko ciyawa za a shuka a wurin ko wani abu mai zurfin saiwa. Injinan farko da mota ake jan su, daga baya aka yi ƙanana masu tafiya da kansu waɗanda aka auna faɗinsu da ƙofar shingen farfajiyar gida, da waɗanda mai gida zai ɗauka haya na yini guda. Haɗarin da ya rage shi ne na abin da ke binne, shi ya sa tun 2007 ake amfani da lambar waya 811 a faɗin Amurka, wadda ake kira kafin a haƙa ƙasa domin a zo a yi alamar inda bututu da wayoyi suka bi.

Sai dai niƙa ba ta kai tumɓukewa cikar aiki ba, kuma masu sana'ar na gaskiya sukan faɗa wa mai gida haka. Saiwoyin suna nan, wasu itatuwan kuma sukan ci gaba da fid da toho daga cikinsu shekara da shekaru, abin da mai shimfiɗar ciyawa yake ɗauka a matsayin fitina. Wannan ƙarfin toho shi ne manoman yankin Maraɗi a Nijar suka mayar dukiya tun daga shekarun 1980 a aikin da suke kira sassaben zamani, inda ake zaɓar 'yan rassa masu ƙarfi daga kututturen sabara ko kalgo a rene su su koma bishiya. Ɓarɓashin da injin ya bari ma yana da nasa hali, domin ƙwayoyin da suke ruɓar da shi suna janye sinadarin naitirojin daga ƙasar da aka cakuɗa shi da ita, ciyawar da aka shuka a kai ta yi rawaya, shi ya sa ake ba da shawarar a kwashe shi a zuba sabuwar ƙasa.

Sana'ar ta sake samun kasuwa a farkon wannan ƙarni, bayan an gano wani koren ƙwaro ɗan asalin Asiya a yankin Detroit a 2002, wanda tsutsarsa take cin ƙarƙashin ɓawon bishiyar ash, ya kuma kashe miliyoyin gommai a Amurka da Kanada. Da yawa daga cikin waɗannan bishiyoyi an dasa su ne domin su maye gurbin elm da suka mutu, don haka a wasu tituna an niƙa kututture sau biyu a wuri ɗaya cikin shekara 40.