Daga Maƙeran Gaya Zuwa Na'urar Tantance Masu Zaɓe

Masana tarihin Kano sun ruwaito cewa maƙeran Gaya, watau Abagayawa, su ne suka je Dutsen Dala neman tama. Maƙeri kuwa ba ya ƙera garma sai ya san ƙasar da za ta huɗa da hannun da zai riƙe ta. Haka yake ga masu ƙera na'urorin da ake dasa wa ƙaramar kwamfuta a ciki. Kafin ƙira sai su zana siffar aikin, su bi ta daki-daki suna tambaya: idan kaza ya auku, me na'ura za ta yi? Daga amsoshin ake fitar da sharuɗɗan da za ta cika. Ivar Jacobson, injiniya ɗan ƙasar Suwidin, ya bayyana wata hanya ta yin haka a 1987.

Mutanen Gaya da Ajingi sun ga misalin wannan a 2015, sa'ad da hukumar zaɓe, a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ta kawo na'urar karanta katin zaɓe. Aikinta biyu ne: ta gane kati, sa'an nan ta gane yatsan mai shi. A gwajin ranar 7 ga Maris a jihohi 12, har da Kano, kati bai ba da wahala ba, amma kashi 59 cikin ɗari ne kawai na yatsu suka karantu. A ganina an zana mai zaɓe da hannun ma'aikacin ofis, alhali kuwa hannun manomi kanta gare shi, fartanya ta cinye zanen yatsansa. Ranar 28 ga Maris na'urar ta ƙi tantance Shugaba Jonathan kansa a Otuoke, har hukumar ta yarda a tantance da hannu inda ta gaza.

Akwai kuma sharaɗin da ba na ƙarfe ba. A 2016 Kotun Ƙoli ta yanke cewa na'urar ba ta maye gurbin rajistar masu zaɓe ba, domin dokar zaɓe ba ta ba ta wannan matsayi ba.

Magajiyarta, BVAS, wadda aka fara aiki da ita a 2021, an ƙara mata duban fuska idan yatsa ya ƙi, Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta ba ta gindin zama. Da ita aka tantance masu zaɓe a mazaɓar Gaya, Ajingi da Albasu a 2023.