Buɗe Ƙofar Ilmi ga Baƙo: Darasi daga Tarihin Ƙasar Hausa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa ilmi a ƙasarmu bai taɓa bunƙasa ba sai lokacin da aka bar malami da almajiri suka ƙetare iyaka, aka kuma ba su damar yin tambaya da jayayya.

A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499) Shehu Magili ya iso daga arewacin Afirka, aka karɓe shi hannu biyu, har ya rubuta wa sarki littafi kan sha'anin mulki. Daga baya Muhammadu al-Kashinawi ya bar Katsina, ya yi hajji, ya zauna a Alƙahira inda ya yi suna wajen ilmin hisabi da hatimai. Can ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma sai da ya bi Malam Jibrilu har Agadas, kuma girmamawar da yake yi masa ba ta hana shi saɓa masa a wata mas'ala ba. Wannan shi ne muke nufi da buɗaɗɗiyar al'adar ilmi.

Haka abin ya ci gaba a zamanin Turawa. Malamai daga Sudan ne suka riƙe makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Jami'ar Ahmadu Bello kuwa, bayan kafa ta a 1962, ta tara malamai da ɗalibai daga ƙasashe daban-daban. Amma a 1988 gwamnatin soja ta kori Dokta Patrick Wilmot, ɗan ƙasar Jamaika mai koyarwa a Zariya. Irin wannan mataki yakan sa baƙo ya kame bakinsa, ɗan gida kuma ya rasa abokin muhawara.

Darasin ya shafe mu kai tsaye a ƙasar Zuru, inda Dakarkari da Dukkawa da Kambari da Hausawa suka daɗe suna cuɗanya. Yaron da ya tashi a Danko ya riga ya saba da zama da mai wani harshe. Abin da ya rage shi ne makarantunmu su saba masa da zama da mai wani ra'ayi. In har muna son a saurari 'ya'yanmu a Alƙahira ko Landan, wajibi ne mu saurari ɗalibin da ya zo mana daga Nijar ko Kamaru, mu bar shi ya tambaye mu abin da ba mu shirya amsarsa ba.