Yahudawan Tuwat da Saɓanin Malamai

Hanyar ayari da ta ratsa Damargu tsakanin Agadas da Kano, can arewa tana haɗe da Tuwat, a Aljeriya ta yau. A garin Tamantit na ƙasar Tuwat, Yahudawa sun daɗe zaune, ƴan tsiraru cikin Musulmi, suna fatauci da ƙirar zinariya, suna biyan jiziya, an bar su da addininsu da majami'arsu.

Wajen 1492, shekarar da sarakunan Sifaniya suka kori Yahudawa daga ƙasarsu, Shehu Muhammad bn Abdulkarim al-Maghili ya yi fatawa cewa Yahudawan Tuwat sun warware alkawari, a rushe majami'arsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ƙi, yana ganin amanarsu tana nan daram. Aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunus tambaya, su ma suka rabu biyu. Daga ƙarshe aka rushe majami'ar, aka kashe wasu, sauran suka watse.

Al-Maghili ya yi kudu ta Azbin, ya isa Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya je Katsina, ya je Gawo wurin Askiya Muhammad. Sunansa ya shahara a ƙasar Hausa, na alƙalin kuwa kaɗan ne suka san shi. Alhali abin da alƙalin ya tsaya a kai yana gaban kowane shugaba da kowane maƙwabci har yau: marar dangi da ya zauna cikinku da amana, wa zai tsaya masa ranar da gari ya juya masa baya?